Aikin Wucin Gadi a Jami'a: Abin da Ya Kamata Mai Nema Ya Sani

A da, in an ce jami'a, mutumin karkara yakan ɗauka wani wuri ne can nesa wanda sai masu digiri ke shiga. A shekarar 1962 jami'a ɗaya ce tak a duk faɗin Jihar Arewa, watau Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Yau kuwa abin ya canja. A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, cikinsu har da ta Dutse, da ta Dutsin-ma, da ta Kashere. A 2013 ta ƙara uku, a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa. Ke nan jami'a ta zo har bakin gonakinmu.

Kowace jami'a gari ce sukutum. Tana da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidajen ma'aikata, da asibiti, da famfo, da hanyoyi, wata ma har da gonaki da garken dabbobi. Duk waɗannan suna bukatar hannu, kuma ba malaman da ke koyarwa ne za su yanke ciyawa ko su gyara famfo ba. Saboda haka jami'o'i sukan ɗauki mutane aiki na ɗan lokaci, kuma yawancin waɗanda ake ɗauka mutanen ƙauyukan da ke kewaye ne.

Wannan aiki yana da amfani, domin yana kawo kuɗi a lokacin da ake bukatarsu. Amma mutane da dama suna shiga cikinsa ba tare da sanin sharuɗɗansa ba, daga baya su zo suna cizon yatsa. Wani ya yi shekara biyar yana tsammanin ma'aikacin gwamnati ne, ashe kamfani yake yi wa aiki. Wani ya sayar da akuyarsa ya ba ɗan damfara. Don haka a wannan wata za mu yi bayanin ire-iren wannan aiki, da yadda ake nemansa, da abin da doka ta tanadar wa mai yinsa.

Ire-iren ɗaukar aiki

Da farko ya kamata mai karatu ya bambanta hanyoyi huɗu da ake ɗaukar mutum aiki a jami'a.

Na ɗaya shi ne aikin dindindin. Wannan shi ne wanda ake ba mutum takardar kama aiki daga ofishin Rajistara, a ba shi lamba da matakin albashi, a riƙa yi masa ƙarin girma, in ya gama kuma ya ci fansho.

Na biyu shi ne aikin yarjejeniya, wanda wasu ke kira kwantiragi. A nan ana rubuta ranar farawa da ranar gamawa, misali wata shida ko shekara guda. In wa'adin ya cika aikin ya ƙare, sai fa in an sabunta.

Na uku shi ne aikin 'yan sa'o'i. Mutum yana da wata sana'a ko wani aiki nasa, sai ya riƙa zuwa jami'a na wasu awoyi a mako. Haka lauya ko likita ko akanta yakan zo ya koyar da darasi guda ya koma bakin aikinsa. Wasu jami'o'in ma sukan ba ɗalibansu irin wannan aiki a ɗakin karatu ko a ofis don su sami na sayen littafi.

Na huɗu shi ne ƙwadago, watau leburanci. Ana biya ne bisa kwanakin da mutum ya yi, ko kuma a yi jinga, a ce in ka nome wannan fili ga abin da za a ba ka. Wannan shi ne wanda ya fi shafar mutanen karkara.

Banda na farko, sauran ukun duk wucin gadi ne. Ba su da fanshon gwamnati, ba su da ƙarin girma, kuma suna iya ƙarewa a duk lokacin da aikin ko kuɗin ya ƙare.

Aiki a gonakin bincike

Bari mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin misali, domin ita ce ta fi daɗewa da hulɗa da manoman da ke maƙwabtaka da ita. A ƙarƙashinta akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fara tun shekarar 1922, shekara 40 kafin a kafa ita jami'ar kanta. Cibiyar ce ke fitar da ingantaccen irin dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara, ko SAMNUT na gyaɗa, ko SAMPEA na wake, to daga Samaru ya fito. Cibiyar tana da rassa a Kadawa da Minjibir a Jihar Kano, da kuma Talata Mafara a Jihar Zamfara. Har ila yau akwai Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa a Shika, inda ake kiwon shanu, tumaki, awaki da kaji.

Kafin a fitar da iri guda sai an yi shekaru ana gwada shi a gona, kuma kowace damina sai an nemi 'yan ƙwadago. Ayyukan da suke yi sun haɗa da sharar fili, kafa turaku, shuka da igiya, cira, noma, zuba taki, da feshin magani. In dawa ta fitar da kai akan nemi masu sanya mata jakar takarda don kada iri ya gauraya. In masara ta yi goyo akan nemi masu ɗaukar garin bununi daga wannan tsiro zuwa wancan da hannu. In hatsi ya fara nuna sai a nemi masu korar tsuntsaye tun daga asuba har faɗuwar rana. Da kaka kuma ga girbi, ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, ga tsintar auduga, ga tsince iri da ƙulla shi a cikin ƙananan jakunkuna. Wannan aiki na ƙarshe mata sun fi yinsa, kuma sun fi iyawa. Da rani aikin yakan koma wuraren noman ban-ruwa irin su Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa.

Sai dai a sani, gonar bincike ta bambanta da gonar gida. An yanka ta ƙanana-ƙanana, kowane yanki da turkensa da lambarsa. Abin da aka girbe a yanki mai lamba 12 ba a haɗa shi da na lamba 13, ko da kuwa a ido iri ɗaya ne. In lebura ya haɗa su, ko ya cire turke, ko ya karya zangarniya guda ya kai gida, to ya ɓata aikin shekara guda. Dalili ke nan da ya sa masu bincike suka fi son wanda ya iya karanta lamba, ya kuma iya bin umurni yadda aka ba shi. Irin wannan mutum shi ake sake nema baɗi, kuma shi ake ɗorawa a kan sauran ya zama heluma.

Sauran ayyuka

Ba kowace jami'a ke da babbar gona ba, amma kowacce tana da sashen ayyuka da gyare-gyare. Da damina akan nemi masu yankan ciyawa da yashe magudanan ruwa. Gab da dawowar ɗalibai daga hutu akan nemi masu share ɗakunan kwana, da kafintoci, da magina, da masu fenti, da masu gyaran wuta da famfo. Lokacin bikin yaye ɗalibai akan nemi masu kafa rumfuna da jera kujeru. Akwai kuma gadi, da tuƙin mota, da wanke-wanke a ɗakunan dafa abinci. Inda ake sabon gini kuwa, ɗan kwangila yakan nemi masu haƙa, da masu kwaɓa siminti, da masu ɗaukar bulo.

Ga wanda ya gama sakandare ko ya yi difloma akwai wata ƙofa. Malaman jami'a suna yawan shiga ƙauyuka don binciken noma, lafiya, kasuwanci ko tarihi. Sukan bukaci wanda zai bi gida-gida yana yin tambayoyi yana rubuta amsa. A da a takarda ake rubutawa, yanzu kuwa galibi a cikin waya ake shigarwa. Sukan bukaci tafinta wanda ya iya Hausa da Turanci, ko Fulatanci da Hausa. Sukan kuma bukaci mace musamman, domin ita ce za ta iya shiga cikin gida ta zanta da matan aure. Irin wannan aiki ba ya wuce mako biyu zuwa wata uku, amma kuɗinsa yakan fi na leburanci.

Wa ya ɗauke ka?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Yin aiki a cikin harabar jami'a daban, zama ma'aikacin jami'a daban.

A zamanin mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, cikin gyaran aikin gwamnati da aka fara a shekarar 2003, an sallami ƙananan ma'aikata da yawa daga ma'aikatu da hukumomin tarayya. Aka miƙa ayyuka irin su shara, gadi da gyaran fili ga kamfanoni masu zaman kansu. Tun daga lokacin, mai gadin da ka gani a bakin ƙofar jami'a, ko mai sharar da ka gani a ofis, sau da yawa ma'aikacin wani kamfani ne. Jami'a tana biyan kamfanin, shi kuma kamfanin ya biya ma'aikacin.

Saboda haka mai ɗaukarka yana iya kasancewa ɗaya daga cikin uku. Ko dai jami'ar ce da kanta ta hannun wani sashe nata, ko kamfani ko ɗan kwangila, ko kuma wani malami da ya sami kuɗin bincike daga wata hukuma. Kowanne da inda kuɗinsa ke fitowa, kuma kowanne da inda za ka kai kuka in an sami matsala. In kamfani ya riƙe maka kuɗin wata biyu, ofishin ma'ajin jami'a zai ce ba shi da sunanka. In kuɗin binciken malami ya ƙare, aikinka ya ƙare tare da shi, ko da kuwa kai ne ka fi kowa ƙoƙari.

Don haka tun ranar farko ka yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi: Wa ya ɗauke ni? Ina ofishinsa? Nawa ne a rana ko a wata? Yaushe ake biya, kuma a hannu ne ko ta banki? Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi? Har yaushe aikin zai kai? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Yadda ake nema

Ba a cika sanya tallar ƙwadago a jarida ko rediyo ba. Labarinsa yakan fito ne daga bakin manajan gona, ko heluma, ko shugaban sashen ayyuka, ko allon sanarwa na sashen. Wani lokaci jami'a takan aika wa dagatai da masu unguwannin da ke kewaye su kawo sunayen mutane. Wanda yake son aikin damina ya je ya rubuta sunansa tun a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya zauna. Wanda ya bari sai an fara shuka zai tarar an cika.

Ga abubuwan da ya kamata mutum ya tanada tun kafin a neme shi: lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, asusun banki da sunansa, lambar waya da ke aiki, ƙananan hotuna guda biyu ko huɗu, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da duk wata takardar makaranta da yake da ita, ko ta firamare ce ko ta ajin yaƙi da jahilci. Mai neman gadi yawanci sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Direba sai da lasisi. Mai sana'ar hannu, kamar kafinta ko magini ko makanike, zai amfana ƙwarai in yana da takardar gwajin sana'a wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa. Tana da matakai uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya.

Kada ka ba kowa ainihin takardunka ya riƙe. Ka yi hotonsu ka bayar, ka ajiye na ainihin a gida. Kada kuma ka ba da asusun wani a madadin naka, ko da ɗan'uwanka ne, domin ranar da gardama ta tashi takardar banki ce shaidarka.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda ake neman aiki, to akwai masu cin kasuwa da bukatar jama'a. Wani zai zo da takarda mai tambarin jami'a ya ce akwai gurbi, a kawo kaza. Wani zai ce shi yaron wani babba ne. Wani kuma zai aiko da saƙo ta waya ya ce a tura kuɗin fom. Wannan cuta ta yi yawa har a shekarar 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya.

Magana ɗaya ce a nan. Ba a sayen aikin gwamnati, babba ne ko ƙarami. Mai karɓa da mai bayarwa duk sun yi laifi a gaban doka. In an ba ka takardar kama aiki, kafin ka yi murna ka kai ta ofishin Rajistara na jami'ar ka tambaya ko daga wurinsu ta fito. Kada ka gaya wa kowa lambar sirrin katin bankinka, ko lambar da banki ya aiko maka ta waya, domin mai biyanka ba ya bukatar su. Lambar asusu kawai yake bukata. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna zaton lebura ba shi da wani haƙƙi. Ba haka ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a shekarar 1974, an yi ta ne musamman don masu aikin ƙarfi da ƙananan akawuna, ko na gwamnati ko na kamfani. Ga kaɗan daga cikin abin da ta tanada.

Sashe na 7 ya ce kafin a wuce wata uku da fara aiki, dole ne mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce. Takardar za ta nuna sunan mai ɗauka, da sunan ma'aikaci, da ranar da aka ɗauke shi, da irin aikin, da yawan kuɗi da lokacin biya, da awoyin aiki, da sharuɗɗan hutu da na rashin lafiya. In aikin mai wa'adi ne za a rubuta ranar da zai ƙare. A nan sai a lura da kyau. Wasu suna cewa wai duk wanda ya yi wata uku ya zama ma'aikacin dindindin. Sashen bai faɗi haka ba. Abin da ya wajabta shi ne a ba ka takarda.

Sashe na 11 ya yi maganar sanarwa kafin a rabu. Wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, sanarwar kwana ɗaya ce. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Wannan sharaɗi yana kan kowa, har da shi ma'aikacin in shi ne yake son ya bari.

Sashe na 13 ya ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana, a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba a tsakani, sa'an nan a kowane kwana bakwai a ba shi hutun kwana ɗaya. Dokar ta kuma ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da biya. Mace mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana don ta shayar da jaririnta.

Dokar ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai dai ɗan aiki mara nauyi a wurin iyayensa ko danginsa. Iyaye su kula da wannan, musamman lokacin korar tsuntsaye. Kada a fitar da yaro daga aji saboda kuɗin kwana 20.

Batun kuɗi

A watan Yuli na shekarar 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a wata. Amma gaskiyar magana ita ce dokar ta ware wasu da ba ta shafa ba. Daga cikinsu akwai masu aikin 'yan sa'o'i, da masu aikin jinga, da masu aikin da ke bin yanayi kamar noma, da kuma wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan leburan gonar bincike ba zai iya kafa hujja da ita ba. Amma mai gadi ko mai shara da ke aiki cikakke kowace rana a kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye, dokar ta shafe shi.

Duk da haka adadin yana da amfani wajen ciniki. In ka raba Naira 70,000 gida 22, watau kwanakin aiki na wata guda, za ka sami kimanin Naira 3,200 a rana. Da wannan za ka auna abin da aka yi maka tayi. Sa'an nan ka cire kuɗin mota ko na acaɓa zuwa da dawowa, ka cire na abincin rana. Abin da ya rage shi ne ainihin samunka. Ka gwada shi da abin da ake biyan ɗan ƙwadago a gonakin ƙauyenku a wannan mako.

Akwai kuma jinkiri. Manomin ƙauye yakan biya ɗan ƙwadago da yamma. Jami'a kuwa sai an rubuta sunaye, shugaban sashe ya sa hannu, mai binciken kuɗi ya duba, kafin ma'aji ya biya. Wannan yakan ɗauki makonni. Kada ka ci bashi da nufin za ka biya ranar Juma'a.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace ranar da ka yi aiki, da wurin, da sunan wanda ya sa ka. Kowace safiya ka tabbata an yi maka alama a rajista. Ranar biya ka duba yawan kwanaki da yawan kuɗin da ke gaban sunanka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Kada ka taɓa dangwalawa a takardar da ba a cika ba. In ba ka iya karatu ba tukuna, ka tafi da wanda ya iya, wanda ka amince da shi.

In an ji rauni a bakin aiki

Aikin ƙarfi ba ya rasa haɗari. Ga sarar maciji a gona, ga faɗowa daga tsani, ga tunkuyin sa, ga gubar maganin feshi. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta shekarar 2010 ta ambaci mai aikin wucin gadi, da mai aikin 'yan sa'o'i, da ɗan koyo a cikin waɗanda ta rufa wa asiri, ko da kuwa da baki aka yi yarjejeniyar. Hukumar NSITF ce ke kula da asusun. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, kuma doka ta hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

In abu ya faru, kai ko iyalinka ku sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14. Shi kuma doka ta ba shi kwana bakwai ya kai rahoto ga hukumar. Ka je asibiti, ka adana katin da takardun magani, ka riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Amma rigakafi ya fi magani. In an sa ka feshi ka nemi safar hannu, da takalmin roba, da abin rufe hanci da baki. Kada ka ci abinci ko goro kana feshi, kuma ka yi wanka da sabulu da zarar ka gama. Kada ka kai galan ɗin magani gida don zuba ruwan sha ko mai.

Ina ake kai kuka?

In an riƙe maka haƙƙi ka fara da wanda ya sa ka aiki, cikin lalama. In bai yiwu ba ka rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe ko manajan kamfanin, ka riƙe kwafe guda. In kuna da yawa ku tafi tare, ku wakilta mutum biyu ko uku su yi magana. Daga nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin kowace jiha. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, kuma ba a biyan ko kwabo don kai mata ƙara. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce tsarin mulki ya ba ikon shari'ar da ta shafi aiki, kuma tana zama a garuruwa irin su Kano, Kaduna da Sakkwato. A duk waɗannan wurare abin da za a fara tambayarka shi ne shaida. A nan ne ɗan littafinka da takardar banki za su yi maka rana.

Kada a saki reshe a kama ganye

Abu na ƙarshe shi ne, aikin gonar bincike yana zuwa ne daidai lokacin da taka gonar ke bukatarka. Ranar da ake noman farko a Samaru, ranar ce ciyawa ke cin gonar mutumin Bomo ko Shika. Wanda ya bar gonarsa ta lalace saboda kuɗin mako shida, da kaka zai sayi hatsi da tsada. Magidanci mai dabara yakan raba mutanen gidansa, wani ya tafi ƙwadago ya kawo kuɗin taki, sauran su tsaya a gandu.

A tuna kuma aikin jami'a yana tsayawa. A shekarar 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suka koma gida, ayyuka da dama suka tsaya cik. Ɗan ƙwadago kuwa ranar da bai yi aiki ba babu abin da zai karɓa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wannan ba ya nufin aikin wucin gadi ba ya kai mutum ko'ina. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta ce in hukumar tarayya za ta ɗauki ƙananan ma'aikata, aƙalla kashi 75 cikin 100 su fito daga yankin da hukumar take. In irin wannan dama ta zo, wanda aka riga aka san aikinsa da amanarsa, yana kuma da takarda a hannu, ya fi wanda ba a sani ba. Saboda haka duk lokacin da ka gama wani aiki ka roƙi shugaban sashen ya rubuta maka takardar shaida. Ka yi amfani da rani ka ƙara karatu ko ka je gwajin sana'a. Wanda ya yi aiki a gonar bincike kuma ya buɗe ido, domin zai ga yadda ake ba da tazarar shuka, da lokacin zuba taki, da irin da ke jure fari ko ƙuduji. Wannan ilimi kyauta ne, kuma zai koma da shi gonarsa.

Muna roƙon dagatai, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman matasan da ke shirin fita neman aiki bana. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma ba mu damina mai albarka.